Me Ya Sa Barin Giya Ke Yi Wa Mashayi Wuya?

Tun shekarar 2000 da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Sakkwato aka hana sayar da giya a fili. Amma hani bai kawar da ita ba. A unguwa kamar Runjin Sambo cikin birnin Sakkwato, haka ma a ƙauyukanmu, akwai gidajen da ke ɓoye ɗansu mashayi saboda kunya. An yi faɗa, an yi nasiha, ya yi rantsuwa ya tuba. Bayan mako biyu sai ya koma. Iyaye su ce taurin kai ne, wasu su ce asiri aka yi masa. To, likitoci sun gano cewa maganar tana cikin ƙwaƙwalwa.

A can tsakiyar ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wata hanya ta jijiyoyi da masana ke kira hanyar lada. Aikinta shi ne ta sa mu nemi abin da zai raya mu. Idan manomi ya dawo daga gona da ƙishirwa ya sha fura mai sanyi, wannan hanya takan saki wani sinadari mai suna dofamin. Dofamin ɗan aike ne. Saƙonsa ɗaya ne: wannan abu yana da amfani, ka tuna inda ka same shi, ka sake nema.

An fara gano wannan hanya a 1954 a ƙasar Kanada. Wasu masana biyu, James Olds da Peter Milner, sun sa wa ɓeraye siririyar waya a ƙwaƙwalwa. In ɓera ya taka wani ƙarfe, sai ɗan lantarki ya taɓa wurin. Ɓerayen suka yi ta takawa ba ji ba gani. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga wasu har abinci suna bari.

Giya ba ta ciyar da jiki kamar fura, amma tana sa a saki dofamin. Akwai jijiyoyin da ke riƙe linzamin masu sakin dofamin, ita kuwa giya sai ta sassauta linzamin. Ƙwaƙwalwa sai ta rubuta giya cikin jerin abubuwan da rai ke buƙata. Ko burkutu ce, ko ogogoro, ko ta kwalba, sinadarin da ke bugarwa iri ɗaya ne.

Ga inda matsalar take. Ka ɗauka makaɗi ya zo ƙofar gidanka yana buga ganga dare da rana. Me za ka yi? Toshe kunne. Haka ƙwaƙwalwa ke yi idan sha ya daɗe. Takan rage wuraren da ke karɓar saƙon dofamin. A 1996 wata likita a Amurka, Nora Volkow, da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mashaya, suka ga waɗannan wurare sun yi ƙaranci idan aka kwatanta da na marasa sha. Shi ya sa kwalba ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Kuma kunnen da ya toshe ba gangar giya kaɗai ya daina ji ba. Tuwon gida, hira da iyali, wasan yara, duk sai su zama lami.

Abin tausayi, a wannan mataki mashayi ba wani daɗi yake ji sosai ba. Marmari ne ke jan sa. Ganin lungun da ya saba sha, ko abokan sha, ko kuɗi a aljihu ranar kasuwa, ya isa ya tayar da dofamin tun bai kurɓa ba. Gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke cewa "dakata", shi ma giya na raunana shi. Wannan wuri ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, don haka wanda ya fara tun yana saurayi ya fi shiga haɗari.

Wannan bayani ba ya wanke mashayi daga laifi. Amma a ganinmu duka da ɗaure mutum a mari ba sa gyara jijiya.

Iyaye su lura da wani abu. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, kada a kulle shi a ɗaki a ce ya bari dare ɗaya. Cikin yini guda jiki kan fara rawa, gumi ya karyo. Cikin kwana biyu ko uku wasu kan yi farfaɗiya ko su riƙa gane-gane, har a rasa rai. A kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Akwai maganin da ake bayarwa a kwanakin farko. Daga nan ƙwaƙwalwa kan fara farfaɗowa a hankali, cikin watanni, muddin an raba shi da lungun nan da abokan sha.