KARKACEWAR BAKI BA MARIN ISKA BA NE

Sau da yawa mutum yakan kwanta lafiya lau, ya wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, in ya kurɓi ruwa ya zubo ta gefen baki. Nan da nan sai a ce iska ce ta mare shi, a shiga turare da tofi. Alhali kuwa likitoci sun daɗe da sanin asalin abin.

Jijiyoyi tagwaye 12 ne suka fito daga ƙwaƙwalwa, ta bakwai ita ke motsa naman fuska. Kafin ta iso fuska takan ratsa wata ƙuntatacciyar hanya cikin ƙashin kunne. In ta kumbura a nan, ƙashi ya matse ta, sai ɓarin fuskar ya saki, lafiyayyen ɓarin ya janye bakin wajensa. Wani likita mutumin Sikotilan, Charles Bell, ya bayyana aikin wannan jijiya a 1821, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa.

Galibi ana danganta kumburin da ƙwayar cutar nan mai fesowa a leɓe bayan zazzaɓi, kuma ya fi samun masu ciwon sukari da mata masu tsohon ciki. Har ila yau, kunne mai zubar da mugunya, da fashewar ƙashin kai, da ƙari a gaban kunne, da kuturta, duk suna iya taɓa jijiyar.

To, amma akwai karkacewar da ta fi wannan haɗari, wato wadda shanyewar ɓarin jiki ke kawowa. Goshi ne ke rarrabewa. In jijiyar fuska ce ta kamu, girar ɓarin ba ta ɗaguwa. In kuwa gira na ɗaguwa amma baki ya karkace, musamman in hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, to daga ƙwaƙwalwa ne, sai a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ciwon Bell kuwa yana da sauƙi. Kimanin mutum 7 cikin 10 sukan warke sarai ko ba magani, amma maganin rage kumburi da likita zai rubuta cikin kwana 3 na farko yakan ƙara yawan masu warkewa. Idon da ba ya rufuwa kuma tilas a riƙa ɗiga masa magani, a rufe shi da dare, don bushewa na iya jawo gyambo har gani ya lalace.

Saboda haka ko wace iri ce, ranar da baki ya karkace ita ce ranar zuwa asibiti. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.