Ko Kun Sani? Tsawon Bututun Iska Ke Tsara Ƙarfin Inji

Ko kun san injin fetur yana buƙatar iska wajen kilo 14.7 kafin ya ƙona kilo 1 na mai yadda ya kamata? Manifol, wato bututan da ke rarraba iskar zuwa kowace silinda, shi ke tsara yadda injin zai shaƙe ta. Dogayen bututai masu matsi suna sa iska ta shiga da gudu ko da injin na juyawa a hankali, sai mota ta ja da ƙarfi tun daga tashi. Gajeru masu faɗi kuwa ba sa nuna amfaninsu sai injin ya kusa ƙure juyinsa.

Masu son gudu za su ce gajeren ya fi ba da ƙarfi. Gaskiya ne, amma a filin tsere. Direban da ke tafiya yana tsayawa a cunkoson Kpakungu ko Bosso a Minna, da mai lodi a hanyar Bida, da wuya injinsu ya kusa ƙure juyinsa; ƙarfin ja suke buƙata. Don haɗa amfanin biyun ne Toyota ta ƙera tsarin ACIS, mai sauya tsawon hanyar iska gwargwadon juyin inji. Idan babu irinsa, dogon bututu ne ya dace da titunan Minna.