Shingen Fagen Horon Doki

Mu mutanen Katsina ba a ba mu labarin doki. Ranar Hawan Salla da ranar Hawan Bariki kowa ya kan ga hakimai da jama'arsu bisa ingarmu, suna sukuwa suna jinjina wa Sarki a Ƙofar Soro. Har wa yau garinmu ya yi suna wajen ƙwallon doki, watau polo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan a nan. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya zama gwanin da a ke kwatance da shi a ƙasar nan duka.

Amma dokin da kuka gani yana takama cikin taro, ga tambura ga bindiga bai firgita ba, ba haka aka haife shi ba. Hora shi aka yi. Tun yana duƙushi aka koya masa ragama, sa'an nan linzami, sa'an nan sirdi, kana aka hau. Wurin da a ke wannan aiki shi mu ke kira fagen horo. Yau za mu yi magana a kan shingen da ya kamata a kewaye wannan fage da shi, gama dawaki da yawa sun nakasa a jikin mugun shinge tun ba su kai ga hawa ba.

Halin doki

Kafin mu zaɓi shinge sai mu san halin dabbar da za mu tsare. Sa in ya tsorata ya kan tsaya ya juyo da ƙaho. Doki kuwa makaminsa gudu ne. Da ya ji abin da bai saba da shi ba sai ya zabura, ba ya tsayawa ya duba gabansa.

Idanun doki a gefen kai su ke. Saboda haka yana ganin dama da hagu sosai, amma abin da ke dab da hancinsa, da abin da ke bayan wutsiyarsa, ba ya ganinsu. Siririn abu kamar waya, in yana cikin gudu, sau da yawa ba ya lura da shi sai ya faɗa masa.

Ga shi kuma da nauyi. Ƙosasshen doki ya kai nauyin manyan buhunan hatsi uku ko huɗu. Ku duba abin da zai faru in wannan nauyi ya taho a guje ya bugi shinge.

Abu na ƙarshe, fatar doki ba ta kai ta sa kauri ba. Daga gwiwa zuwa kofato kuwa ba nama, sai fata da jijiya da ƙashi. Rauni a wannan wuri ya kan daɗe bai warke ba. In jijiyar ta tsinke, galibi dokin ya gurgunce ke nan, ba Salla ba polo.

To, daga nan mun ga abin da mu ke nema. Shinge ya zama doki yana ganinsa da kyau. Ya zama da ƙarfi da tsawo. Ya zama sumul, ba tsini ba kaifi. Kada kuma ya zama da wurin da ƙafa ko kai zai maƙale.

Shingen da za mu guda

Na farko, waya mai ƙaya. Wani manomi a Amurka, sunansa Joseph Glidden, shi ya sami takardar mallakar irin wadda ta bazu a duniya, cikin 1874. Don tsare shanu a manyan makiyaya aka yi ta. Doki in ƙafarsa ta shiga waya ba ya tsayawa a cire masa. Fizga ya ke yi, wayar tana ƙara yankarsa har ƙashi. Ko kyauta aka ba ku, kada ku sa ta inda doki ya ke. Waya marar ƙaya ma ba ta da amana, don doki ba ya ganinta. Wayar lantarki kuwa ba ta dace da fagen horo ba, gama wurin ƙarami ne, dokin ba shi da inda zai kauce mata.

Na biyu, tsohon kwanon rufi. Bakinsa wuƙa ne. Doki ya kan yi harbi, kofato ya huda kwanon, wajen jawo ƙafar sai ya yanke. In iska ta taso kuma kwano yana ƙara, duƙushi ya firgita.

Na uku, shingen ƙaya, irin na magarya ko sarƙaƙiya da mu ke yi wa gona. Ya isa ya kori akuya, amma ƙaya tana tsone idon doki, wadda ta zuba ƙasa kuma tana shiga ƙarƙashin kofato.

Na huɗu, shuke-shuke masu dafi. Ƙerana da tinya ƙaronsu yana ƙona fata, in ya shiga ido ya kan makantar. Aguwa da tumfafiya ma nononsu ba ya shiri da ido. 'Ya'yan bini-da-zugu guba ne. 'Ya'yan zurma sun fi su sharri, kaɗan doki zai tauna ya mutu. Doki in ya gaji da tsayuwa, kome ya samu kusa sai ya kai baki. In akwai irin waɗannan a wurin, a tumɓuke su tun kafin a kawo shi.

Dangar kara da zana fa? Ba su yanka, ba su da dafi, amma su kaɗai ba su riƙe doki. Ya kan ci su, ya kan kuma keta su da ƙirji. Da ya keta sau ɗaya ya gane hanya, gobe ma sai ya sake. Cikin birni kuwa, dokin da ya ɓalle ya hau titi, ga motoci ga babura ga yara, kowa ya san abin da ke iya biyo baya.

Shingen da za mu zaɓa

Katangar ƙasa ita ce tamu ta gado, tana kuma da kyau ƙwarai. Ba ta yanka, ƙafa ba ta maƙalewa, duƙushi kuma ba ya hangen abin da ke waje, sai hankalinsa ya tsaya ga mai horonsa. A yi mata tsawon ƙafa 6, gindinta ya fi samanta kauri. A shafe cikinta sumul. Kada a dasa mata fasassun kwalabe a bisa. Aibinta ɗaya, ruwan sama yana cinta, sai an riƙa yaɓe kowace shekara kafin damina. A bar ƙaramar magudana a gindi don kada ruwa ya kwanta.

Shingen dirkoki da sanduna shi ne na biyu. Ya fi katanga shan iska, ana kuma iya tayar da shi a kai wani wuri. Kirya da marke suna da ƙarfi, azarar giginya kuwa gara ba ta cinta da sauri. Amma azara tana da sartse mai tsini, saboda haka a yi dirka da ita kawai, kada a gicciya ta inda jikin doki zai goga. Sandunan gicciye a nemi na bedi ko na turare, miƙaƙƙu, masu kaurin damtsen mutum. A feƙe duk wani ƙulli da tsinin reshe. Kada a sari itace a daji sai da iznin ma'aikatan gandun daji.

Na uku, shingen bututun ƙarfe wanda masu walda ke haɗawa. Gara ba ta cinsa, yana kuma daɗewa. Amma yana da tsada, ba ya kuma lanƙwasawa in doki ya buge shi. Wanda zai yi shi ya sa a goge duk wurin da aka yi walda, a toshe bakin kowane bututu, a shafa masa farin fenti don doki ya gan shi daga nesa. Don haka ne ma a ke shafa fari a shingen filin sukuwa.

Yadda a ke auna fage

Fagen horo a zagaye a ke yinsa, kamar ɗakin kago. Dalili kuwa, in akwai kusurwa, tsoratacen doki ya kan cusa kansa ciki ya juyo wa mai horo ƙafafun baya. Inda ba kusurwa sai ya yi ta zagayawa har ya natsu.

A sami fili shimfiɗaɗɗe, ba rami ba kututture, nesa da rijiya da bakin titi. A kafa turke a tsakiya. A ɗaura igiya mai tsawon ƙafa 30, watau yadi 10, ko kamar mita 9. A ɗaura tsinke a ɗaya bakin, a ja igiyar ta miƙe, a zagaya ana zana ƙasa. Faɗin fagen ya zama ƙafa 60 ke nan, zagayensa kuwa kamar ƙafa 188. In an gama a cire turken nan, a cike raminsa. Fagen da ya gaza ƙafa 50 a faɗi ya yi ƙanƙanta, yawan juyi a ƙuntataccen wuri yana gajiyar da gaɓoɓin duƙushi.

A kan zanen a haƙa ramuka 24, tsakanin kowane biyu kusan ƙafa 8. Kowace dirka ta yi tsawon ƙafa 9, a binne ƙafa 3, a bar 6 a waje. A babbake gindinta ko a shafa masa kwalta saboda gara. A daddaƙe ƙasar ramin sosai.

Tsakanin dirka da dirka a gicciya sanduna 4. Ga abin da mutane da yawa ke kuskurewa: ta ciki a ke ɗaura sandunan, ba ta waje ba. In doki ya jingina, sai ya danna sandar a jikin dirka, ba ta ɓallewa. Gwiwar mahayi da likkafa kuma sai su zame a kan sanda, ba su karo da dirka. A ɗaure da igiya mai ƙarfi. In an buga ƙusa, a nutsar da kanta cikin itace. Wanda ya ke so ya tsare idon duƙushi sai ya kafa zana ta waje, bayan sandunan.

Ku lura da kowace kafa da ke jikin shinge. Ko dai ta yi ƙanƙanta yadda kofato ba ya shiga, ko ta yi faɗi yadda ƙafa in ta shiga za ta fito ba wahala. Matsakaiciyar kafa ita ce tarko. 'Yan aji, ku dubi kalmomin nan biyu, kafa da ƙafa. Ƙugiyar da ke kan harafin farko ita ta raba su.

Tsakanin dirkoki biyu a bar ƙofa. Tsawon ƙyaurenta ya zo daidai da na shinge, a sa mata sakata ta waje wadda doki ba ya iya turewa da baki. A zuba yashi a fagen, kaurin yatsu huɗu. In ya yi zurfi da yawa yana wahalar da jijiya. A tsince duwatsu, da gwangwani, da leda.

In rauni ya auku

Akwai wata cuta, sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanos. Ƙwayarta tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta kan shiga jiki ta rauni mai zurfi, kamar sukar ƙusa ko waya ko ƙaya. Doki yana cikin dabbobin da ta fi kamawa. Jikinsa ya kan sandare, baki ya ƙi buɗuwa, yawancin waɗanda ta kama ba su tashi. Tana kama mutum ma. Akwai allurar rigakafinta, ta doki a wurin likitan dabbobi, ta mutum a asibiti.

In doki ya yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. A tafasa ruwa, a bari ya huce, a sa gishiri ƙaramin cokali 2 cikin lita guda, a wanke. Kada a sa ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai. A kira likitan dabbobi ran nan, kada a bari sai gobe.

Duba shinge

Shinge ba a yinsa a manta da shi. Kowace safiya, kafin a shigo da doki, mai horo ya zagaya yana girgiza dirkoki, yana shafa sanduna da hannu. Abin da ya soki hannunka zai soki doki. Bayan damina a duba gindin dirkoki saboda gara da ruɓa. Da hunturu a share ciyawa kewaye da zana saboda gobara. Yara masu kallo su tsaya a waje, kada su hau kan shinge. Kada a sa ingarmu biyu cikin fage ɗaya, kada kuma a ɗaure goɗiya a jikin shingen lokacin da a ke horon ingarma.

Wanda ke son hawan duƙushinsa da Salla, tun da watanni ya kamata ya gyara fagensa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, masu dawaki na unguwa su haɗu su yi gayya, fage ɗaya ya ishe su duka, kowa da lokacinsa. Kuɗin dirkoki da sanduna bai kai kuɗin doki ba, balle ran mahayi. Allah ya kiyashe mu, ya kiyaye dabbobinmu, amin.

Tambayoyi

1. Me ya sa waya ta fi yi wa doki lahani bisa ga sa?
2. Faɗi shuke-shuke uku da ba a bari kusa da fagen horo.
3. Don me a ke ɗaura sanduna ta ciki?
4. Dirkoki 24 sun ba da tsakani 24. An bar ɗaya don ƙofa. In kowane tsakani yana cin sanduna 4, sanduna nawa za a nema?
5. Rubuta jimla ɗaya da kalmar kafa, ɗaya kuma da kalmar ƙafa.