Taimakon Juna a Ƙasar Dayi: Daga Gayya Zuwa Zakkar Hatsi

Dayi gari ne na manoma da 'yan kasuwa a Ƙaramar Hukumar Malumfashi, kusa da iyakar Jihar Katsina da ta Kano, a kan hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Gwarzo ta miƙe zuwa Malumfashi da Funtuwa. Ƙasar yankin tana da albarka, ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, kuma masara da dawa da auduga da waken suya da ake nomawa a nan suna ciyar da kasuwanni masu nisa. Duk wanda ya ga manyan motoci suna lodin buhuna a watan Disamba zai yi wuya ya yarda cewa a cikin waɗannan ƙauyuka akwai gidajen da, idan Agusta ta kama, sai a wuni ba a ɗora tukunya ba. Amma haka abin yake, kuma hanyoyin da jama'a suka gada na tallafa wa irin waɗannan gidaje suna da ƙarfi a wani lokaci na shekara, suna da rauni a wani, saboda kusan dukansu a ɗaure suke da kalandar noma.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi daɗewa ita ce gayya, wato a gayyato matasan unguwa ko na ƙauye su taru a gonar mutum ɗaya su gama masa aikin da shi da iyalinsa za su yi mako suna fama da shi. Mai gona ba ya biyan lada, abin da ke wuyansa shi ne fura ko kunu da hantsi, da tuwo idan an tashi, da goro, a da can kuma har da makaɗin gangar noma da zai riƙa zuga samari suna tsere a kan kuyya. Akan kira gayya don noman firi, ko maimai, ko huɗa, domin su ne ayyukan da ba sa jira: ciyawa idan ta rufe shuka a makonnin farko, amfanin shekara ya tafi. Ba kowace gayya ce ta jinƙai ba, don mai hali ma yakan kira ta, saurayi kuma yakan kai abokansa gonar surukinsa. Sai dai a cikin wannan tsari ne ake da al'adar a nome wa mara lafiya, da tsohon da 'ya'yansa suka tafi birni, da matar da ke takaba, ba tare da an jira sun roƙa ba, kuma a irin wannan gayya masu aikin ne da kansu suke zuwa da abin da za su sa a baki.

Gayyar gona ta ja da baya sosai, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 1970 da rancen Bankin Duniya tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, ya haɗa da ƙasar Malumfashi, ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, ya kuma ƙara mayar da noma harkar kuɗi. Da noma ya zama jari, sai ƙarfin matashi ya sami farashi, ƙwadago da jinga suka maye gurbin aikin zumunci, daga baya kuma maganin feshi ya rage buƙatar hannaye masu yawa a lokacin ciyawa. Inda gayya ta rage da ranta a yau shi ne a ayyukan da babu mai su shi kaɗai: sharar maƙabarta, yashe magudanar ruwa kafin damina, cike ramukan hanyar da ke kai amfani kasuwa, da tayar da katangar da ruwa ya kayar a gidan da babu namiji mai ƙarfi.

A cikin gidaje, mata suna da nasu tsarin, wanda ba ya fitowa fili amma ya fi na maza yawan aiki a kullum. Akwai biki, wato gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar suna ko aure bisa fahimtar cewa za a mayar mata, sau da yawa da ƙari, idan nata ya zo. Akwai adashi, inda uwar adashi ke tara zubi ta ba mai kwasa, kuma ba abin mamaki ba ne a sauya layi a ba wadda ɗanta ke kwance a asibiti. Akwai kwanon tuwo da yara ke ratsa zaure da shi bayan magariba zuwa gidan tsohuwa ko mai jego. A kaka kuma ana barin mata da yara marasa hali su yi kala a gonar da aka girbe, a kuma biya masu sussuka da shiƙa da tiyoyin hatsi maimakon kuɗi, ta yadda mace mai ƙwazo za ta iya tara abincin makonni. Masanin zamantakewa Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970 ya kuma fitar da littafinsa a 2014, ya nuna cewa manyan manoman yankin masu fataucin hatsi suna kashe kaso mai tsoka na abin da suka samu a kan hidimar iyali da 'yan'uwa da barori, kuma girman mutum a idon jama'a yana tafiya ne da yawan waɗanda yake ɗauke da nauyinsu. Wannan ya bayyana ƙarfin tsarin, ya kuma bayyana iyakarsa, domin taimakon da aka gina a kan sanayya da ramuwa yakan tsallake wanda ba shi da kowa kuma ba shi da abin mayarwa.

Zakka ce ya kamata ta toshe wannan giɓi, tunda haƙƙi ce ta mabuƙaci, ba alfarma ba, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni 8 na waɗanda ake ba. Nisabin hatsi, wato mafi ƙarancin abin da zakka ke hawa kansa, wasƙi 5 ne. Kowane wasƙi sa'i 60 ne, jimla sa'i 300, abin da malamai da yawa ke ƙiyastawa da kilo 650 da 'yan kai, ko buhu 6 da rabi na masu kilo 100. Amfanin da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da ɗaya bisa goma, wanda aka shayar da wahala, kamar noman rani da injin ban-ruwa, ɗaya bisa ashirin. A aikace lissafin ba ya buƙatar alƙalami. Idan an gama casar masara an ɗinke buhuna an jera su a bakin gona, manomi yakan bi su yana ƙirgawa, duk na goma ya sa a janye shi gefe. A dawa kuwa tun tana dami ake warewa. Abin da ke biyo baya shi ne inda matsalar take. Buhun da aka ware akan farke shi a raba tiya biyu nan, tiya uku can, a aika wa limami da malamin makarantar allo da dangi na kusa da na nesa, a ba almajiran da suka biyo kaka, har ya ƙare ba tare da ya fitar da gida ko ɗaya daga yunwar shekara ba. Mai bayarwa ya sauke farali, ya kuma gyara zumunci, amma bazawara mai marayu biyar da ke bayan gari ta sami abin da ba zai kai ta wata guda ba.

Akwai kuma wani batu na fiƙihu da ya shafi wannan yanki kai-tsaye. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi rinjaye a ƙasar Hausa, auduga da rake da tumatir da barkono ba sa cikin amfanin gonar da ake fitar wa zakka ranar girbi, sai dai kuɗinsu idan ya kai nisabi ya kuma shekara, alhali Imam Abu Hanifa yana ganin zakka a kusan duk abin da ƙasa ta tsirar. A ƙasar da auduga ta gina tun zamanin Turawa, da injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, wannan yana nufin wani ɓangare babba na arzikin gona yana wucewa ba tare da talaka ya sami rabo tabbatacce a cikinsa ba, sai abin da mai shi ya ga dama ya yi sadaka.

Ƙungiyoyin addini sun kawo tsari a inda al'ada ta bar abu a hannun kowa. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, da Fityanul Islam, da Izala da aka kafa a Jos a 1978, kowacce tana da rundunar 'yan agaji masu kaki, waɗanda ake gani suna tsara sahu a filin Idi, suna taimakon majinyata a asibiti, suna ɗaukar waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su, kuma mafi yawansu manoma ne da teloli da 'yan acaɓa da ba a biyan su albashi. Izala ta shahara da tara fatun layya a babbar Salla da kuma kwamitocin marayu da ke karɓar gudummawa a wuraren tafsirin azumi don ɗinka wa yara kayan Salla da raba abinci. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai, waɗanda 'ya'yan yankin mazauna Kano da Kaduna da Abuja ke tura musu karo-karo ta waya bayan an sanya sanarwa a zauren WhatsApp. Hanyar tana da sauri, takan biya kuɗin tiyata cikin kwana biyu, ko da yake al'adar ɗaukar hoton mabuƙaci yana riƙe da ledar shinkafa ta sa masu kunya da yawa sun gwammace su haƙura.

Idan aka jera waɗannan hanyoyi a kan watannin shekara sai a ga inda suka taru da inda suka bari fayau. Zakkar hatsi da kala da ladan sussuka duk na kaka ne, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da hatsi ya fi araha kuma ko talaka yana da ɗan abin da ya girba. Ciyarwar azumi da zakkar fidda-kai, wadda ake fitar da sa'i ɗaya a kan kowane mutum, suna bin watan Ramadan, wanda ke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma a 2025 ya faɗo ne a watan Maris, cikin rani. Yunwa kuwa lokacinta ba ya sauyawa: daga Yuli zuwa farkon Satumba, sa'ad da rumbu ya ƙare, sabuwar masara ba ta nuna ba, farashi ya kai ƙololuwa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kwantar da yara. A wannan tsakani ne magidanci ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani don ya samo awon yini, sai tasa gonar ta lalace, ya shiga shekara mai zuwa da rumbu mafi ƙanƙanta. A nan ne kuma ake shiga falle, wato karɓar kuɗi ko hatsi a damina bisa alkawarin biya da buhu a kaka a kan farashin da ya karye, ko a jinginar da gona, wanda sau da yawa shi ne matakin farko na rabuwa da ita.

Rashin tsaro ya ƙara wa tsarin nauyin da ba a gina shi don ɗauka ba. Sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, da hare-haren da suka addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume, da kisan masallata a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agustan 2025, sun tura iyalai da dama zuwa garuruwan bakin titi, inda mafi yawansu ba sansani suke shiga ba, gidajen dangi da kangaye da shagunan da ba a gama ba suke raɓewa. Baƙon da ya bar gonarsa ba ya cikin adashin kowa, ba ya bin kowa biki, mai unguwa ma bai san sunansa ba. Karo-karon da a da ake yi don aurar da marainiya yanzu yakan tafi ga kuɗin fansa, kuma cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya tayar da farashin sufuri da taki a kan masu bayarwa da masu karɓa baki ɗaya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayar da rahoton cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa a watanni shidan farko na 2025, tun ma kafin lokacin yunwa ya kai tsakiyarsa.

Gwamnatoci sun shiga harkar ta hanyar hukumomi: Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Katsina ma ta sami tata hukumar zakka da waƙafi a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa. Amfanin hukuma yana ga iya tattarawa da rubutawa, amma manomin ƙauye ba ya sakin buhunsa sai ga wanda ya yarda da shi, kuma ya fi son ya ga inda ya sauka. Akwai darasi a Jamhuriyar Nijar, domin a can an daɗe da gwada bankunan hatsi na ƙauye, inda ake saye a kaka a ajiye a sayar da rangwame ko a ranta a damina. Da yawa sun durƙushe saboda bashin da ba a biya ba da kwamitocin da ba a bincika, waɗanda suka ɗore kuwa su ne masu littafin shiga da fita da ake karantawa a gaban jama'a. Malaman Malikiyya ba sa son a jinkirta raba zakka bayan ta wajaba, don haka ba ita za a kulle a sito ba, amma babu abin da ya hana a ba gida ɗaya buhu cikakke maimakon a warwatsa shi tiya-tiya, haka nan sadaka da waƙafi, wato dukiyar da aka tsayar don amfanin jama'a ba a sayarwa ba a gado, ana iya ajiye amfaninsu zuwa lokacin buƙata. Limaman Juma'a da masu unguwanni da shugabannin 'yan agaji na Dayi da ƙauyukan kewaye suna da ikon rubuta sunayen gidajen marayu da na 'yan gudun hijira tun a Nuwamba, su nemi kowane babban manomi ya ƙara buhu ɗaya na sadaka a kan zakkarsa, a zuba a sito ɗaya mai makulli biyu a hannun mutum biyu, kada a buɗe shi sai Yuli ta kama.