Daga Gadarif Zuwa Matema: Ka Fara Gyara Agogonka

Mai sauraro, ko in ce mai karatu tunda yau a takarda muka haɗu, in wannan ne zuwanka na farko Matema, hanyar ba za ta ba ka wuya ba. Kwalta ce daga Gadarif, ka bi ta Doka har Galabat, wajen kilomita 160. Ka yi sammako dai, don motar haya ba ta tashi sai ta cika, ga shingayen bincike da suka ƙaru tun da yaƙi ya ɓarke a 2023. Takardar shaidarka ta zauna a aljihun gaba. Da damina kuwa kada direba ya ruɗe ka da yanke: baƙar lakar yankin nan in ta kama taya, kwana ya same ka.

Galabat da Matema wani ɗan rafi ne ya raba su, da ƙafa ake haye gadar. Kafin ka ɗaura kaya ka tambayi wanda ya dawo jiya, saboda an sha rufe iyakar in rikici ya tashi a yankin Amhara. Cikin Matema ba abin ɓata: babban titi guda ne, shaguna da masauƙai na gefensa, bajaj mai ƙafa uku zai kai ka ko'ina. Ku gama ciniki da Bir kafin ka hau.

To, ga inda baƙo ke yin asara. Habasha na gaban Sudan da awa guda. Bayan wannan kuma, mutanen can daga ketowar rana suke fara ƙirgen awa, wato shidan safe ita ce sha biyunsu. Dillali ya ce maka ku haɗu ƙarfe biyu, kai ka ɗauka bayan azahar ne, ka zauna shan shayi. Shi kuwa takwas na safe yake nufi, wadda a agogon Gadarif bakwai ce. Kafin ka iso ya sayi riɗin wani, ko shanun wani, kai kuma ga kuɗin masauƙi da na abincin dabbobi.

Ni dai shawarata, duk alƙawarin da za ka ƙulla a can, ka ce masa: na Habasha ko na Turawa? In hali ya yi, ya nuna maka a fuskar wayarsa.