Halifan da Ya Auna Duniya, Ya Kuma Ɗaure Malamai

Masu tarihi sukan yabi Halifa al-Ma'amun, ɗan Haruna Rashid, bisa abin da ya yi wa ilimi, gama a zamaninsa ne fassarar littattafan Yunanawa zuwa Larabci ta bunƙasa a Bagadaza, kuma shi ne ya aiki masana falaki zuwa filin Sinjar domin su auna girman duniya da kansu, kada su tsaya ga abin da mutanen farko suka rubuta. To, amma wannan sarki da bai gamsu da maganar magabata ba sai an gwada, shi ne a shekarar 833, watau 218 ta Hijira, ya aika wa hakimin Bagadaza, Is'haƙu ɗan Ibrahim, cewa a tara alƙalai da malaman hadisi, a tambaye su ko sun yarda Alƙur'ani halittacce ne kamar yadda Mu'utazilawa ke faɗa. Wanda ya ƙi, a tuɓe shi, a daina karɓar shaidarsa. Wannan jarrabawa ita ake kira Mihna.

Mafi yawansu suka amsa, waɗansu don tsoro, waɗansu ta hanyar tawili. Imam Ahmad ɗan Hambali da Muhammadu ɗan Nuhu suka ƙi, aka sa musu mari aka nufi wurin halifa da su, sai ajali ya riski al-Ma'amun kafin su isa. Muhammadu ya rasu a hanyar komowa, Ahmad kuwa ya shafe fiye da shekara biyu a kurkuku, har aka yi masa bulala a gaban Halifa al-Mu'utasim. Al-Buwaiɗi, almajirin Imam Shafi'i, wanda shi ma ya ƙi daga baya, daga Masar aka kawo shi cikin sarƙa, a kurkuku ya cika.

Ita mas'alar kanta ta malaman tauhidi ce, su suka fi mu saninta. Abin lura a nan shi ne, masu yawan kawo labarin Galileo, wanda kotun coci ta tilasta wa janye maganarsa a Rum a 1633, sukan zaci masu addini kaɗai ke toshe bakin jama'a, alhali kuwa ga Mu'utazilawa, waɗanda suke taƙama da hankali da hujja, da suka sami kunnen sarki, sai suka ajiye munazara suka ɗauki bulala.

Bayan Halifa al-Mutawakkil ya hau mulki a 847 ya soke jarrabawar, ya hana jidali, daga bisani aka ƙwace dukiyar gidan babban alƙali Ibn Abi Du'ad, jagoran Mihna. Ranar jana'izar Ahmad kuwa, a 855, Bagadaza ta cika maƙil da masu rakiya. A ganina, babu abokin hamayyar da ya yi wa mazhabar Mu'utazila ɓarnar da masoyinta al-Ma'amun ya yi mata.