"Evocative": Kalmar Turanci mai kiran abin da ya wuce

Duk mai karanta sharhin littattafai ko na fina-finai a jaridun Turanci zai yi ta cin karo da kalmar "evocative". Da ita ake siffanta waƙa ko hoto, kai har da ƙamshi. Ƙamus zai ce maka ma'anarta "mai tuno da wani abu". Bai yi ƙarya ba, sai dai ya bar rabin maganar a baya.

Asalinta kalmar Latin ce, "evocare", wato a kira abu ya fito waje. Romawan dā suna da wata al'ada ta yaƙi mai suna "evocatio". Idan suka yi wa birni ƙawanya, sai kwamandansu ya kira abin bautar mutanen birnin, ya roƙe shi ya bar su ya koma Rum, a kan alkawarin za a gina masa ɗakin bauta a can. Haka aka ruwaito Camillus ya yi wa Juno lokacin da ya ci birnin Veii a shekara ta 396 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Wannan kiran yana nan cikin kalmar har gobe. Abin da ake ce wa "evocative" ba tuni kawai yake yi maka ba kamar ƙararrawar waya. Janyo abin yake yi gaba ɗaya, da kamanninsa da yadda ka ji a zuciya a lokacin. Ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko na damina ya ishi misali: kafin mutum ya ankara ya koma tsakar gidan da ya tashi.

Ba banza ba ƙamshi ya fi komai iya wannan aiki. Saƙon da hanci ke aikawa yana isa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da shauƙi da ajiye abin da ya wuce ta gajeriyar hanya, ba tare da dogon zagayen da gani da ji ke yi ba. Marubucin Faransa Marcel Proust ya yi suna da wannan a littafinsa na 1913, inda ɗanɗanon ɗan kek da aka tsoma a shayi ya dawo wa mai ba da labarin da ƙuruciyarsa.

Ba dole sai abin da ka taɓa gani ba. Rubutu mai kyau kan iya zama "evocative" ga wanda bai taɓa taka wurin da ake bayani ba. Ba dole kuma abin ya zama mai daɗi ba; hoton yaƙi ma yakan amsa sunan.

Wajen amfani da ita ne ɗalibai ke tuntuɓe. Kalmar tana tafiya da "of": "The song is evocative of my childhood", wato waƙar tana dawo mini da ƙuruciyata. Kuma abin da ya tayar da tunanin take siffantawa, ba mutumin ba. Wanda ya rubuta "I feel evocative" ya yi kuskure. "Nostalgic" yake nema, wato mai kewar zamanin baya.

Sai a kiyaye da 'yar uwarta "provocative". Tushensu ɗaya, amma ita tsokana take nufi, a wajen sutura kuwa tana nufin mai tayar da sha'awa. Wanda ya so yabon ɗinkin wata baiwar Allah da cewa ya tuna masa da kwalliyar iyayenmu, ya musanya kalmomin biyu, to ya shirya ba da haƙuri.